Yadda Haruffa Suka Sami Sunayensu a Agadas

A Agadas sauti guda yana amsa suna uku. Almajirin makarantar allo yana kiransa ba, ɗan lakwal ya ce be, a jerin Tifinag na Abzinawa kuwa ana rubuta sunansa yab. Garin da ya zama fadar sarautar Abzin tun ƙarni na 15, ya kuma zama masaukin ayarin da ke kaiwa da komowa tsakanin Kano da Turabulus, ba abin mamaki ba ne ya tara rubutu iri uku. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan da harafin ya zo da shi duniya. Masu koyarwa ne suka raɗa su domin kunnen yaran da ke gabansu, kuma duk inda rubutu ya shiga sabon harshe, ko dai a sake wa haruffa suna, ko yara su sha wahalar sunan da ba ya gaya musu komai.

Asalin sunayen yana gaɓar tekun Bahar Rum ta gabas. Wajen Finiƙawa yawancin haruffa sunayen abubuwa ne da kowa ya sani: alef sa ne, bet gida, dalet ƙofa, mem ruwa, ayin ido, kuma sautin farko na kalmar shi ne aikin harafin. Da Girkawa suka ari rubutun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka haɗa da sunayen, suka ce alfa, beta, delta, alhali babu sa babu gida a cikinsu da Girkanci. Nahawunsu ma bai karɓe su sosai ba, domin ba su sauya siga yadda sauran sunaye ke yi. Rumawa suka watsar da gadon, suka ɗauki sautin suka jingina masa wasali: be, de, pe ga waɗanda ke fita lokaci guda, ef, el, em, es ga waɗanda ake iya ja. Wannan ne Faransanci ya gada, har da tabon tarihi irin i girek, wato i ɗin Girkawa, da dubul ve. Jinsin haruffa ma kowa da inda ya ajiye shi. A Sifaniyanci duk mata ne, a Jamusanci ba namiji ba mace, a Faransanci kuma ƙamusoshin ƙarni na 19 suna lissafa f da m da s cikin mata, b da d cikin maza, kafin daga baya a mayar da su maza duka.

Ta hanyar Larabci ne tsofaffin sunayen suka iso Abzin, alif da jim da dal da mim da ain, a hannun malamai irin su Al-Magili, wanda ya ratsa Takadda da Abzin kafin ya isa Kano wajen 1492. Rubutun da ya kafu irin na Magrib ne, mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigo guda a kan ƙaf. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850 ya tarar da makarantun allo, ya kuma tarar Hausa ce harshen kasuwa. A irin waɗannan makarantu na ƙasar Hausa aka yi wa haruffan Larabci aikin da ya cancanci a yaba masa fiye da yadda ake yi. Yaron da ke matakin babbaƙu bai san Larabci ba, kuma harafi guda yana sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Balarabe suna ɗaya yake ba dukkan kamannin. Malamin allo ya ba kowace kama nata, kuma da Hausa. Ain da ke buɗe a farkon kalma ya zama an baki wofi, wanda ya rufe a tsakiya ya zama an likkafa, don ya yi kama da wurin sa ƙafar mahayi. Ɗigo ya zama ruwa, aka sami shin mai ruwa. Ga lam jaye, ga ba guje, ga ɗa mai hannu. Inda Bafiniƙe ya ga ido, Bahaushe baki ya gani.

Akwai masu ganin wannan gurɓata Larabci ne, gara a koya wa yaro suna na asali. Sai dai ain kansa ba ya koya wa ɗan shekara biyar a unguwannin Agadas abin da ayin ya koya wa ɗan Bafiniƙe, tunda bai san ma'anarsa ido ba. Sunan Hausa ya dawo wa harafin da abin da ya ɓata a hanya, wato hoton da yaro zai riƙe. Ko nahawun ya nuna cewa sunayen sun zama 'yan gida. Larabci yakan ɗauki harafi mace, shi ya sa ake cewa ta marbuɗa. A Hausa yawancin kalmomin da suka ƙare da a mata ne, amma almajiri ha ƙarami yake cewa, ba ƙarama ba, domin a ransa baƙi yake nufi, baƙi kuwa namiji ne.

Tifinag ta riga rubutun Larabci da na boko zama a yankin. Tsatson tsohon rubutun Libiyawa ce, wanda aka sassaƙa tare da na Kartajawa a Dugga ta Tunisiya wajen shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma duwatsun Abzin cike suke da ita. Iyaye mata ne suka fi koyar da ita, sau da yawa da yatsa a kan rairayi. Dabararta irin ta Rumawa ce, ko da yake babu wanda ya kwaikwayi wani: a ɗauki sautin a sa masa ɗan wasali, shi ke nan suna. Furucin sunayen da siffar wasu haruffa sun bambanta tsakanin Ahaggar da Abzin da Azawak. Da aka shigar da rubutun cikin tsarin Unicode na kwamfuta a 2005, aka bi salon fara suna da ya, kamar yab, kuma harafi guda yana ɗauke da sunan Abzin, Ayer yagh.

Boko ne ɗan auta, ya shigo da sojan Faransa a farkon ƙarni na 20, kuma shi kaɗai ne bai sake suna ba. Mushe, malamin lakwal, yana koyar da ash, wato h, harafin da Bafaranshe ba ya furtawa, sai yaro ya ci karo da shi a hanya da hula. Yana koyar da se, wato c, sai a nuna wa yaron ciniki. Rikicin nan ne ya bar mana Tchirozérine da Haoussa a allunan hanya. Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan Hausa da Tamajak da wasu harsunan yankin, Nijar ta ƙara tabbatar da ƙa'idojinta a 1999, amma siffar haruffa aka daidaita, ba yadda za a kira su a aji ba. A Najeriya malaman Hausa sun daɗe da mafita: a, ba, ca, da, har kalmar abacada ta fito daga ciki. Ana iya cewa yaro zai buƙaci sunayen Faransanci ko ba jima, kuma haka ne. Amma wanda ya riƙe ba guje da yab ba zai gaza riƙe be ba idan lokacinta ya yi. Tambayar ita ce da wanne za a fara, musamman tunda kundin da aka fitar a Nijar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su da suna a jerin da mushe ya gada daga Faransa, kuma ajin da zai bambanta ɓata da bata, ko ƙafa da kafa, dole ya kira su da wani abu.