Daga Tsibirin Ellis Zuwa Juba: Asalin Tasa Ƙeyar Baƙi Zuwa Ƙasar Da Ba Tasu Ba

A farkon watan Yulin 2025 wani jirgin sojan Amurka ya sauka a Juba ɗauke da mutum takwas da aka kora daga Amurka. Ɗaya ne kaɗai ɗan Sudan ta Kudu a cikinsu. Sauran daga ƙasashe ne irin su Kuba da Laos da Meziko da Vietnam. Kafin nan sun shafe makonni a cikin kwantena a sansanin sojan Amurka da ke Jibuti, ana ta ja-in-ja a kotu kan makomarsu. Masu sharhi da dama sun ce wannan bidi'a ce ta Shugaba Trump, wasu kuma suka ce kwaikwayon Birtaniya ya yi, wadda ta ƙulla yarjejeniyar tura baƙi Ruwanda a 2022. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba. Shirin Birtaniya kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka a Nuwamban 2023, sabuwar gwamnati ta binne shi a 2024. Na Amurka kuwa ya tsaya da ƙafarsa, domin tun tuni alƙalai suka haƙa masa harsashi.

Tushen yana can ƙarshen ƙarni na 19, zamanin ƙyamar Sinawa. An kafa dokar hana su shiga a 1882, sannan a 1893, a shari'ar Fong Yue Ting, Kotun Ƙoli ta yanke cewa korar baƙo ba horo ba ce, aikin gudanar da mulki ne kawai. A ganina komai daga nan ya tsiro. Idan kora ba horo ba ce, to gwamnati ba sai ta ɗaukar wa mutum lauya ba, kuma ba sai masu taimaka wa alƙali sun zauna a kansa ba, ko da abin da zai rasa ya fi na ɗan fursuna yawa. A 1903 kotun ta ɗan sassauta a shari'ar wata yarinya 'yar Japan, Kaoru Yamataya, ta ce wanda ya riga ya taka ƙasar dole a ji ta bakinsa kafin a kore shi. Duk da haka yarinyar ba ta yi nasara ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ignatz Mezei, kafinta da ya yi shekara 25 a birnin Buffalo. A 1948 ya tafi Turai domin duba mahaifiyarsa da ke jinya, da ya dawo a 1950 aka tare shi a tsibirin Ellis bisa wasu hujjojin sirri da aka ƙi nuna masa. Aka gwada tura shi Faransa da Birtaniya, suka ƙi. Ya roƙi ƙasashen Latin Amurka, babu wadda ta amsa. Ga shi yana hango birnin New York, ga shi ba gaba ba baya. A 1953 Kotun Ƙoli ta ce tsare shi haka nan bai karya doka ba. Tun daga lokacin tambayar ba ta sauya ba: ina za a kai mutumin da babu mai son karɓarsa?

A 2001 an samu wata amsa. Kestutis Zadvydas, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira a Jamus a 1948, Jamus ta ce ba nata ba ne, Lithuania ma haka. Kotu ta ce bayan wata shida, in babu alamar za a iya korar mutum, sai a sake shi. Hukunci ne na jinƙai, amma shi ya sa hukuma ta fara neman ƙasar da za ta karɓa ko ta halin ƙaƙa. Sai a 2005, a ƙarar wani ɗan Somaliya mai suna Keyse Jama, alƙalai biyar cikin tara suka ce ba lallai sai ƙasar da za a kai mutum ta amince tun farko ba. Dokar shige da fice kuwa dama ta jera wuraren da za a iya kai shi, daga ƙasar da ya zaɓa har zuwa duk wadda ta yarda ta karɓa. Trump bai gina ƙofar ba, a buɗe ya tarar da ita.

Abin da ya rage wa baƙo shi ne yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wadda ta haramta kai mutum inda za a gallaza masa. To amma ta yaya zai ce yana tsoron ƙasar da ba a faɗa masa sunanta ba? Wannan ne ya sa Mai Shari'a Brian Murphy na Boston ya ba da umarni a Afrilun 2025 cewa a sanar da mutum, a ba shi damar magana. Ranar 23 ga Yuni Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin ba tare da bayyana dalili ba. Ba da jimawa ba hukumar shige da fice ta Amurka, ICE, ta ce sanarwar awa 24 ta isa, in da gaggawa ma awa shida.

Nan take jirage suka karkato Afirka. Eswatini ta karɓi mutum biyar, Ruwanda ta amince da har 250. Najeriya ta ƙi; Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya ce matsalolin gida ma sun ishe mu. Gana ta karɓi mutum 14 a Satumba, har da 'yan Najeriya, Shugaba Mahama yana kafa hujja da cewa 'yan ECOWAS ba sa buƙatar biza. Wasu daga cikinsu alƙalan Amurka sun riga sun hana a mayar da su ƙasashensu. Da lauyoyinsu suka garzaya kotu a Washington don kada Gana ta miƙa su gida, Mai Shari'a Tanya Chutkan ta nuna damuwarta, sannan ta ce ba ta da hurumi a kan mutanen da ke hannun wata gwamnati.