Hawan Dutse da Tuƙa Keke: Mata Musulmi 'Yan Gudun Hijira da Batun Ƙarfin Gwiwa a Birtaniya

Ranar Kirsimeti ta shekarar 2021, mutane sama da 100, maza da mata, galibinsu Musulmi, suka hau Mam Tor, wani tudu a gandun Peak District na Ingila. Ƙungiyar Muslim Hikers ce ta shirya tafiyar, wadda Haroon Mota, mutumin Coventry, ya kafa a 2020 lokacin kullen korona. Hotunan na hawa Facebook sai zagi ya biyo baya: wasu na cewa an lalata musu hanya, wasu na cewa waɗannan ba su san kan dutse ba. Duk mai son yin magana kan fita daji don ƙarfafa gwiwar mata Musulmi baƙi, nan ya kamata ya fara, domin abin ya nuna cewa ɗari-ɗarin da matan ke yi yana da dalili.

An daɗe ana kallon lamarin a baibai. A Janairun 2016, Firaminista David Cameron ya ware fam miliyan 20 don koya wa mata Musulmi Turanci, jaridu kuma suka ruwaito cewa yana ganin al'ada ta sa sun zama 'yan amshin shata. Matan suka mayar masa da martani a Twitter, kowacce riƙe da takarda ta jera digirinta da sana'arta. Irin wannan kallo yakan saɗaɗo cikin shirye-shiryen agaji, a ɗauki 'yar gudun hijira tamkar wadda aka haifa da tsoro. Alhali matar da ta fito daga Halab ko Khartum da 'ya'ya uku, ta ƙetare iyakoki har ta iso Bradford, ba za a koya mata jarumtaka ba. Abin da hijira ta ƙwace mata shi ne sanin gari: wace mota ke zuwa ina, wane titi ake bi da yamma, wa zai harare ta. Harara kuma akwai ta. Ƙungiyar Tell MAMA ta ce a makon da ya biyo bayan rubutun Boris Johnson na Agustan 2018, inda ya kwatanta masu niƙabi da akwatin wasiƙa, rahotannin cin zarafin Musulmi sun ƙaru da kashi 375 cikin ɗari.

To me dutse zai yi wa wannan? Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi bayani a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana fitowa daga wurare huɗu, mafi ƙarfinsu kuwa shi ne ya yi abu mai wuya da kansa ya ga ya kammala; mai bi masa, ya ga wani irinsa ya yi. A ajin Turanci ci gaba yakan zo a hankali, mace ta yi wata shida ba ta tabbatar ko ta motsa ba. Tudu kuwa ba ya ɓoye sakamako. Da safe tana gindinsa tana cewa ƙafarta ba za ta kai ba, da azahar tana samansa tana hango motar da ta kawo su ta zama ɗan ɗigo. Ba wanda zai ce mata sa'a ce. Ta ɓangaren ganin irinta, sunaye biyu sun yi aiki: Amira Patel, mai hawan duwatsu da niƙabinta, wadda ta kafa The Wanderlust Women, da Zahrah Mahmood ta Glasgow, wadda ta zama shugabar ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta Ramblers reshen Sikotland a 2023.

Akwai kuma ilimin haƙƙi, wanda ba a cika ambatonsa ba. Baƙuwa ba ta san cewa ƙaramar hanyar da ta ratsa gonar wani, doka ta ba kowa izinin binta ba. Turawan ma da gwagwarmaya suka faɗaɗa wannan dama: a 1932 ma'aikata daga Manchester suka kutsa tsaunin Kinder Scout, aka ɗaure wasu daga cikinsu, a 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko, sai a 2000 doka ta buɗe tsaunuka da wasu filayen Ingila da Wales ga jama'a. Ranar da aka buɗe wa mace ƙofar shinge aka ce ta wuce, haƙƙinta ne, ta koyi darasin zama 'yar ƙasa a aikace.

Shirin da zai yi nasara, a ƙananan abubuwa ake gane shi. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a arewacin Ingila, don haka Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya riskar ayari a hanya, ƙasa jiƙe, iska na kaɗa mayafi. Ina za a yi alwala? Ina ban-ɗaki? Wannan ya sa Muslim Hikers ta haɗa kai da kamfanin Adidas aka fitar da dardumar salla da ruwa ba ya ratsawa. Ga karnuka, waɗanda Turawa da yawa ke fita yawo da su. Ga mai bin mazhabar Malikiyya abin da sauƙi, amma 'yar Somaliya mai bin Shafi'iyya, kare ya lashi tufarta, sallarta ta shiga matsala. Ga al'adar ƙarasa tafiya a mashaya. Jagorar da ta san waɗannan tun kafin a tambaye ta, ita ake sake bi.

Duk da haka, idan za a auna, keke ya fi dutse amfani ga mai neman mafaka. Galibinsu doka ba ta ba su damar aiki ba, kuɗin da gwamnati ke ba mutum a mako bai kai fam 50 ba, kuɗin mota kuwa na cinye kaso mai yawa. Ƙungiyar The Bike Project, da aka kafa a Landan a 2013, tana gyara tsofaffin kekuna ta ba 'yan gudun hijira, tana kuma da ajin mata zalla mai suna Pedal Power, inda mata ke koya wa mata tuƙi. Cycle Sisters, da Sarah Javaid ta fara a unguwar Waltham Forest a 2016, ta nuna ana iya tuƙi da abaya ba tare da ta shige cikin sarƙa ba. Hawan dutse sau ɗaya ne a wata. Keke kuwa kullum yana kai mace asibiti, ofishin lauya da makarantar yara, ba ta jira kowa ba.

Masu suka suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi. Ta farko, yawancin jagororin nan a Birtaniya suka tashi, suna da aiki da mota. 'Yar Iritiriya da ke zaune a otal ɗin da gwamnati ta ajiye ta, takalmin tafiya ma ya fi ƙarfinta. Ta biyu, wadda ta ratsa Sahara ko ta bi hanyar Balkan a 2015, tafiyar ƙafa a daji tana iya tayar mata da tsohon miki, kuma ba kowane jagora ne ya san yadda zai yi ba idan ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Sukar da ba ta da ƙarfi ita ce ta masu cewa ayarin mata zalla wariya ce. Wadda ta koyi karanta taswira cikin 'yan uwanta mata ita ce gobe za ta ɗauki iyalinta ta kai su, kuma ita ce za ta iya shiga ayarin gama-gari. Masu hana ta daga cikin gida da sunan addini kuwa, hadisin tseren Nana A'isha da Manzon Allah (SAW), wanda Abu Dawud ya ruwaito, ya ishe su amsa.

Saboda haka masu ba da tallafi su rage kashe kuɗi kan hotunan ƙolin dutse. Su biya kuɗin mota, su tanadi takalma da rigunan ruwa na aro, su samar da mai kula da yara, su kuma ɗauki nauyin horar da 'yan gudun hijirar kansu har su sami takardar shaidar jagorancin tafiya. In sun tashi auna nasara, su bincika mata nawa ne suka koma wurin da ƙafarsu bayan an rufe shirin.