Daga Gayauna Zuwa Kabu-kabu: Tarihin Neman Na-kai a Gefen Babban Aiki a Ƙasar Hausa

Akwai wani zato da ya yaɗu a tsakanin 'yan boko, cewa haɗa aikin albashi da wata 'yar sana'a sabon abu ne, wanda matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya haifar. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan zato bai yi daidai da tarihi ba. A ƙasar Hausa albashi shi ne baƙo, domin bai fi shekara ɗari da 'yan kai da zuwa ba. Raba yini gida biyu kuwa, watau wani kashi na maigida wani kashi na mai aiki, tsohuwar al'ada ce mai sunayenta da ƙa'idojinta. Abin da ya sāke shi ne wanda ake yi wa babban aikin, da kuma irin idon da hukuma take kallon ƙaramin da shi.

Gandu da gayauna

Tushen al'amarin yana cikin tsarin gandu. A gandu, 'ya'ya da ƙanne suna noma gonar gida a ƙarƙashin maigida, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya ba su kayan aiki, ya kuma yi musu auren fari. Amma wannan aiki ba ya cinye yini duka. Ana tashi daga gonar gandu wajen Azahar, sauran yinin kuwa na mutum ne, ya tafi gayaunarsa. Abin da gayauna ta bayar, ko gyaɗa ce ko rogo ko barkono, ba ya shiga rumbun gida, kuma maigida ba shi da ikon taɓa shi. Da shi saurayi yake sayen riga, ya yi toshi, ya yi biki. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya tarar da wannan tsari yana aiki, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1955 kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau.

Abin lura a nan shi ne, gayauna haƙƙi ce da al'ada ta tabbatar. Maigidan da ya hana ɗansa lokacin gayauna ya jawo wa kansa fashewar gandu, kuma mutanen gari shi za su ba laifi.

Har bayi ma suna da irin wannan haƙƙi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda bayin rinjin gidansu suke fita gonar ubangijinsu da hantsi, a kai musu abinci da rana, su tashi da Azahar, sannan kowa ya kama tasa gonar. A birane kuma akwai murgu. Bawa mai sana'a, alal misali maƙeri ko ɗan dako ko mai jima, yakan yi yarjejeniya da ubangijinsa ya tafi ya nemi kuɗi da kansa, yana biyan wani adadi da aka yanka masa a kai a kai. Abin da ya ragu nasa ne, kuma daga ciki wasu suka tara kuɗin fansar kansu. Bayan da Turawa suka shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, ba su 'yanta sauran bayi kai tsaye ba, sai suka bar fansa ta zama babbar hanyar fita, har zuwa 1936 da aka soke bauta a doka a Jihar Arewa. Ke nan a wancan zamani neman na-kai yana iya zama bambanci tsakanin mutum ya mutu bawa ko ya mutu ɗa. Bai kamata a ƙawata murgu ba, domin ubangiji yana cin gumin da bai zubar ba, amma ya nuna cewa al'umma ta daɗe da sanin cewa lokacin mai aiki ba duka ne na mai ba da aiki ba.

Rani da sana'a

Dalili na biyu yanayin ƙasa ne. Damina a yawancin ƙasar Hausa wata huɗu ce zuwa biyar, saura kuwa rani. Manomin da ba shi da fadama yana da wajen rabin shekara da gona ba ta bukatarsa. Saboda haka idan aka tambayi Bahaushen ƙauye sana'arsa, sau da yawa ba zai ce noma ba, domin kowa manomi ne. Sai ya ce saƙa, ko rini, ko dukanci, ko fawa, ko wanzanci, ko koli. Kalmar sana'a kanta ta fi zama a kan abin da mutum yake yi bayan noma.

Wannan ne ya ɗauki masana'antar tufafi ta Kano. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin da ake fitarwa daga garin a kan wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da, a lissafinsa, wuri 50,000 zuwa 60,000 ya isa ya riƙe iyali guda shekara ɗaya. Ya kuma lura cewa ba a manyan ma'aikatu ake yin aikin ba kamar a Turai, a cikin gidaje ake yi. Masaƙan ƙauyukan Kano da marina irin na Kura mafi yawansu manoma ne da damina. Turkuɗin da ya kai Agadas da Tambutu, hannun da ya riƙe fartanya a watan Yuli ne ya saƙa shi a watan Janairu. Malamai da gardawa su ma haka: ɗinkin hula da aikin wuyan riga sun daɗe suna tafiya tare da allo.

Wanda ba shi da sana'ar hannu kuwa sai cin rani. Harajin da Turawa suka ce a biya da tsabar kuɗi, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da haƙar kuza a Jos, da gonakin koko na ƙasar Yarabawa da Gwalkwas, duk sun ƙara faɗaɗa wannan tsohuwar hanya. R. M. Prothero ya ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ya nuna cewa tafiya ce ta dubban ɗaruruwan mutane. Ribar cin rani biyu ce, kuma sau da yawa ta biyun ta fi ta farko: ɗan abin da mutum ya komo da shi, da kuma hatsin da bai ci ba a rumbun gida tsawon watannin da ba ya nan.

Sai dai Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa kusa da Katsina wanda aka buga a 1972, ta kawo wani gyara mai muhimmanci. Sana'ar gefe ba ta daidaita mai shi da maras shi. Manomi mai hali shi ne yake sayen hatsi da kaka ya ajiye ya sayar da bazara, yana fataucin dabbobi da goro. Talaka kuwa sana'arsa itace da ciyawa da ƙwadago a gonar wani, kuma yakan yi ƙwadagon ne a daidai kwanakin da tasa gonar take bukatar noma, sai amfaninsa ya ragu, badi ya sāke komawa ƙwadago. Ita ce kuma ta jawo hankalin masana ga cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gida, na ƙuliƙuli da man gyaɗa da fura da daddawa, ta hannun yara masu talla. Kuɗin wannan ciniki na mace ne ita kaɗai, kamar dai gayauna, har takan sayar wa mijinta abin da ta yi, ko ta ba shi rance.

Zuwan albashi

Albashi ya shigo ne tare da baitulmalin En'e, wanda aka fara a Katsina kafin ya bazu sauran masarautu wajen 1911. Hakimai da alƙalai da malaman haraji da dogarai, waɗanda a da suke cin rabonsu daga abin da suka tara, aka yanka musu kuɗin wata. A nan ne aka shigo da wata sabuwar fahimta, cewa hukuma ta sayi lokacin ma'aikaci da amanarsa gaba ɗaya, don haka bai kamata ya yi ciniki ba. Ƙa'idojin aikin gwamnati na Turawa sun hana ma'aikaci kasuwanci, kuma dalilinsu ba na banza ba ne: malamin da yake auna gyaɗa da safe a madadin hukuma, idan shi ne mai sayenta da yamma, ma'auni ba zai tsaya daidai ba.

Amma a aikace ma'aikacin En'e bai taɓa rabuwa da gona ba. Ofisoshi kan tashi wajen Azahar, watau daidai lokacin tashi daga gandu, sai malam ya hau kekensa ya duba gonarsa, ko ya ba wani ɗan'uwa jari ya riƙe masa tebur a kasuwa. Tun da albashi yana isa, waɗannan abubuwa ƙari ne kawai, kuma ba su cika taɓa aikin ofis ba.

Shekarun man fetur sun ƙara ɗaga darajar albashi na ɗan lokaci. Ƙarin Udoji na 1974, wanda aka biya tare da bashin watannin baya a farkon 1975, ya sa ma'aikata da yawa suka sayi babur da rediyo a wata guda, ko da yake hauhawar farashi ta biyo baya nan da nan. A 1975 ɗin kuma gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata wajen 10,000 ba tare da dogon bincike ba. Mutane da yawa suna ganin wannan kora ita ce ta fara koya wa ma'aikaci cewa kujerar ofis ba gado ba ce, gara ya tanadi wani abin dogaro a waje. Shekara guda bayan haka, shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo na 1976 ya fito fili yana roƙon ma'aikata da 'yan makaranta su yi noma a bayan gidajensu. Hukumar da ta hana ciniki ita ce kuma take kiran mutane gona.

Lokacin da gefe ya zama tsakiya

Juyin gaske ya zo ne bayan faɗuwar farashin mai. A 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, a lokacin da Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. A 1982 gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu, jihohi da yawa suka kasa biyan malaman firamare watanni. A 1984 aka yi wata korar ma'aikata, aka kuma kafa Doka ta 34 wadda ta haramta wa ƙwararrun da suke aikin gwamnati yin aikin kansu a gefe. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar Naira, kafin ƙarshen shekarar Dala ɗaya ta haura Naira 3. A 1995 hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin 100. Albashin da a da yake riƙe gida har a aika wa na ƙauye, ya koma ba ya kai tsakiyar wata.

A wannan zamani ne kalmar kabu-kabu ta cika bakin mutane: ma'aikaci ya tashi daga ofis ya mai da motar da ya saya da rancen gwamnati ta haya, yana ɗaukar fasinja a ɓoye. Ƙananan ma'aikata suka shiga acaɓa da baburansu. Malaman makaranta suka buɗe darasin yamma na kuɗi, malaman jami'a suka kama kiwon kaji da sayar da takardun darasi ga ɗalibansu, ma'aikatan jinya suka buɗe kantin magani, mata ma'aikata suka riƙa zuwa ofis da atamfa da turare a jaka suna bayarwa bashi zuwa ƙarshen wata, adashi kuma ya zama bankin kowane ofis. Abdul Raufu Mustapha ya yi nazarin wannan hali a farkon shekarun 1990, ya nuna cewa neman abinci ta hanyoyi da yawa, wanda a da aka san talaka da shi, ya hau har kan manyan ma'aikata. Abin da Polly Hill ta gani a ƙauye ya sāke bayyana a birni: babban ma'aikaci yana da fili da rancen banki da sanayya, sai ya yi gona da kwangila, masinja kuwa ba shi da jari sai ƙarfinsa da barcinsa. A Jamhuriyar Nijar ma, bashin albashi na shekarun 1990 da karya darajar Sefa da rabi a Janairu 1994 sun tura ma'aikata kan wannan hanya.

Bambancin wannan da gayauna a bayyane yake. Gandu yana ciyar da mai yi masa aiki, shi ya sa gayauna ta tsaya a bayan Azahar. Da albashi ya daina ciyarwa, sai iyakar ta rushe, sana'ar gefe ta fara cin safiya. Wanda ya biya kuɗin wannan rushewa shi ne yaron da ya zauna a aji babu malami, da majinyacin da aka ce ya tafi wani asibitin kuɗi ya sami likitan da ya kamata ya gani kyauta. Ɗora wa ma'aikaci laifin duka zalunci ne, tun da mai ba da aiki ne ya fara saɓa alkawari. Wanke shi duka kuma rufe ido ne ga waɗanda ba su da wata gayauna da za su koma.

Doka ba ta bi wannan canji ba. Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kowane irin kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Watau a cikin duk hanyoyin da aka ambata, gayauna kaɗai tsarin mulki ya amince da ita. Babban sakatare mai gonar kadada ɗari yana cikin doka, malamin firamare mai ɗan shagon cajin waya yana wajenta. A Kano an hana ɗaukar fasinja a babur a Janairu 2013, sai da yawa daga masu yi suka koma A Daidaita Sahu. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a Yuli 2024, adadin da a lokacin bai kai Dala 50 ba, alhali Naira 125 ta 1981 ta kai wajen Dala 200.