Tarihin Kallo da Hirar Finafinan Indiya a Kano

Kallon finafinan Indiya da zaman hira a kansu al'ada ce da ta haura shekara 60 a birnin Kano. Ta faro daga gidajen silima, ta shiga gidajen aure ta hanyar talbijin da bidiyo, yau kuma tana cikin wayoyin hannu. A tsawon wannan zamani masu kallo sun raɗa wa 'yan wasa sunaye, sun haddace waƙoƙi cikin harshen da ba sa ji, sun kuma kafa ma'aunin da suke rarrabe fim mai kyau da maras kyau, tun kafin a fara buga sharhin fim da Hausa a mujalla.

Daga majigi zuwa silima

Ta hanyar majigi talakawan Arewa suka fara ganin hoto mai motsi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas. Mota ce ke zagayawa gari-gari da allo da injin wuta, a kafa a ƙofar fada ko a fili bayan magariba, a nuna wa jama'a darussan tsafta da noma kyauta, mai bayani kuma yana riƙe da lasifika yana fassarawa da Hausa. Baban Larai, wanda aka shirya don ƙarfafa noman auduga, na cikin finafinan majigi da dattawa ke tunawa har yau.

Silima ta kuɗi kuwa harkar 'yan kasuwa ce, akasarinsu Kwarori 'yan asalin Labanon. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa, gidan silima na farko da aka gina musamman domin kallo a Kano. Mazauna cikin birni, musamman malamai, ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba, domin ana ganin wurin matattara ce ta 'yan iska da mata masu zaman kansu. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a watan Mayu na 1951, wadda ta hallaka sama da mutum 300, ta ƙara wa wannan ƙyama ƙarfi, har da yawa suka ɗauke ta ishara ce daga Allah. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni, a unguwar Jakara kusa da kasuwar Kurmi, cikin adawa mai zafi. Wasu gidajen da suka yi suna su ne Plaza da Wapa a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da El Dorado, da Marhaba, da Queens. Akasarinsu fili ne da aka kewaye da katanga, babu rufi, don haka sai duhu ya shiga ake fara kallo.

Yadda Indiya ta mamaye allo

Da farko finafinan kaboyi na Amurka da na Ingila ne ke cika allo. A cikin shekarun 1950 masu silima suka fara shigo da na Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, kuma ba a jima ba suka ga inda kasuwa ta karkata. Finafinan faɗan Chanis irin na Bruce Lee sun yi tashe a shekarun 1970, amma ba su ture na Indiya ba. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar da cewa dare biyar cikin bakwai na mako fim ɗin Indiya ake nunawa a silima.

Dalilin wannan karɓuwa yana cikin labaran kansu. Bahaushe ya ga mata cikin sutura da mayafi, maza cikin dogayen riguna da rawani, ya ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, da girmama iyaye, da rikicin auren dole, da talaka a hannun azzalumin mai kuɗi. Duk waɗannan abubuwa ne da ya sani a gida. Ga shi kuma da yawa daga cikin manyan taurarin Musulmi ne. Dilip Kumar sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haka ma Nargis da Madhubala da mawaƙi Mohammed Rafi duk daga gidajen Musulmi suka fito, kuma sanin irin wannan sirri abin tinƙaho ne a wurin hira.

Babu fim ɗin da ya nuna wannan dangantaka kamar Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Labarin Radha ne, wadda Nargis ta fito a matsayinta, matar manomi da mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da bashin wani mai ba da rance da ruwa. Ta yi haƙuri da yunwa da ambaliya ba ta sayar da mutuncinta ba, a ƙarshe kuma ta harbe ɗanta Birju da hannunta sa'ad da ya sace 'yar mai rancen. Shekara kusan 40 bayan fitowarsa, fim ɗin bai daina cika gidajen silima a Arewa ba.

Majalisar masu sharhi

Kasancewar yawancin masu kallo ba sa jin Indiyanci, hira ta zama wani sashe na kallon kansa. Mutum kan kalli fim ɗaya sau da dama har ya gane abin da kowane motsi ke nufi, washegari kuma ya ba da labarinsa a majalisa, ko a shagon tela, ko a teburin mai shayi. Wanda ya fi kowa iya ba da labari da kwaikwayon muryar jarumi da ta bos shi ke da bakin magana. A irin wannan zama ake auna fim: shin labarin ya ɗauru, waƙoƙin suna shiga rai, faɗan ya ƙayatar, akwai ban tausayi, kuma wane darasi aka tashi da shi?

A nan ne kuma taurari suka sami laƙabi gwargwadon irin fitowar da suke yi. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor ya zama Mace, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Kowane laƙabi hukunci ne a dunƙule kan yadda ɗan wasan ke taka rawarsa. Gardama ba ta ƙarewa tsakanin magoya bayan Amitabh Bachchan da na Dharmendra, ko tsakanin masu fifita muryar Rafi da masu fifita ta Kishore Kumar. Hotunan taurarin sun cika bangon shaguna da jikin tasi da bas-bas.

A can Indiya akwai masu sharhi a rubuce, kuma mujallar Filmfare tana fitowa tun 1952. Sai dai hukuncin mai alƙalami ba kullum yake dacewa da na mai sayen tikiti ba. Lokacin da Sholay na Ramesh Sippy ya fito a 1975 masu sharhi da yawa sun kushe shi, amma ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Masu kallo a Kano ba su jira ra'ayin wata jarida ba kafin su karɓi Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, a sahun manyan bosawa. Fim ɗin da suka so sai mai silima ya yi ta maimaita shi, wanda suka ƙi kuwa ya ɓace daga allo.

Talbijin, waƙa da littafi

A wancan zamani silima wurin maza ne, matar aure ba ta zuwa. Talbijin ne ya kai Indiya cikin gida. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa tashar NTA Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya sama da 1,000 tsakanin 1977 da 2003. Da bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980, sai haya da aron kaset suka zama ruwan dare, mata da yara suka shiga sahun masu hira.

Tasirin ya bazu zuwa wasu fannoni. Mawaƙi Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin waƙar wani fim mai suna Rani Rupmati ya zuba masa kalmomin Hausa. Ƙungiyar Ushaƙu Indiya ta masu bandiri ta riƙa ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karin waƙoƙin finafinai. A 1996 Nazeer Abdullahi Magoga ya wallafa littafin koyon Indiyanci da Hausa. Marubutan littattafan soyayya, waɗanda suka bunƙasa tun daga shekarun 1980, su ma sun ɗauki jigon soyayya da auren dole suka mayar da shi cikin gidajen Hausawa.

Sharhi a rubuce

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne mafarin finafinan Hausa na bidiyo a Kano. Waɗanda suka taso da kallon Indiya su ne suka zama masu shiryawa da masu ba da umarni, shi ya sa rawa da waƙa suka sami gindin zama, musamman bayan nasarar fim ɗin Sangaya. A wannan lokaci ne sharhi ya tashi daga baka ya koma takarda. Sunusi Shehu Daneji ya kafa mujallar Tauraruwa a 1998, a cikinta kuma sunan Kannywood ya fara bayyana, sannan Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a watan Maris na 1999. Babbar muhawarar da ta cika shafukan irin waɗannan mujallu ita ce ta wankiya, wato kwashe labarin fim ɗin Indiya a sa masa rigar Hausa. Tsofaffin 'yan kallo su ne gwanayen gano ta, domin da sun ga an ɗaura labari suke faɗin inda aka samo shi.

Halin da ake ciki

Bidiyo ya riga ya rage wa silima kasuwa kafin ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Tsofaffin gidajen suka yi ta rufewa, aka mayar da su wuraren wasu harkoki. Sunan Wapa a yau kasuwar canjin kuɗi yake nufi ga matasa. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na kamfanin Algaita, sun ɗauke wa mai kallo buƙatar mai ba da labari. Dattawan masu kallo kuwa suna kukan cewa sababbin finafinan sun bi sahun Turawa, sun yar da kunyar da ta sa aka so na da.

Rasuwar Rishi Kapoor a 2020, da Dilip Kumar a 2021, da mawaƙiya Lata Mangeshkar a 2022 ta sake tayar da hirar tsofaffin finafinai a kafafen Hausa. Mafi yawan wannan ilimi, daga laƙabin taurari har labarin kowane gidan silima, yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi kallon ne, kuma suna ta manyanta. Aiki ne a kan jami'o'i da gidajen rediyo da marubuta su naɗi bayanansu tun suna raye, domin wannan hira ita ce tushen sharhin fim a ƙasar Hausa.