Yadda Iyaye Suka Riƙe Makaranta a Ƙasar Chadi

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maiduguri zuwa Gamboru, ya ratsa ɗan sirin ƙasar Kamaru, zai iske kansa a Kuseri, a bakin kogi. Hayin kogin nan ita ce Njamena, babban birnin Chadi, wadda a zamanin Faransawa ake ce mata Fort Lami. Mutane sun san labarin yaƙe-yaƙen wannan ƙasa, gama rediyo ya sha faɗarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne labarin manoman da suka riƙe makarantun 'ya'yansu da guminsu sa'ad da gwamnati ta faɗi, da kuma yadda kayan da suka ɗauka na ɗan lokaci ya zauna a kansu.

Makarantar boko ta makara ƙwarai a Chadi. Faransawa sun buɗe ta farko a Mao, cikin ƙasar Kanem, a 1911, amma ba su damu da yaɗa ta ba. A wurinsu Chadi ƙasa ce ta nesa, ba teku, ba riba sai auduga, wadda suka tilasta wa mutanen kudu nomanta tun wajen 1928. A arewa, inda karatun allo ya kafu tun da daɗewa, iyaye ba su yarda da makarantar Nasara ba, suna kuwa da dalili: a 1917 sojojin Faransa suka karkashe malamai da manyan gari a Abeshe, aka daɗe ba a manta ba. A kudu kuwa 'yan mishan suka shigo, na Furotesta daga 1920, na Katolika daga 1929, suka koya wa mutane karatu cikin harsunansu. Can ne ƙishin karatu ya kama. Manomin auduga ya lura cewa wanda ke riƙe da sikeli da alƙalami a kasuwar auduga ya fi shi ci daga cikin gonarsa, sai ya ƙudura a ransa ɗansa ma zai iya karanta abin da aka rubuta.

Chadi ta sami mulkin kai ran 11 ga Agusta 1960. Shugabanta na farko, Faransuwa Tombalbay, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Gwamnatinsa ta ƙara makarantu, aka kuma buɗe jami'a a 1971. Amma ƙasar ba ta zauna lafiya ba. A 1965 talakawan Mangalme suka tayar saboda haraji, a 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolina, malaman gwamnati da ke arewa da tsakiyar ƙasa, waɗanda yawancinsu 'yan kudu ne, suka soma janyewa. Sojoji suka kashe Tombalbay a Afrilu 1975.

Babbar ɓaraka ta zo ran 12 ga Fabrairu 1979. Abin mamaki, a cikin makaranta wutar ta tashi, wato babbar sakandaren Feliks Ebuwe ta Njamena, inda rigimar ɗalibai a kan yajin karatu ta jawo harbi tsakanin sojojin Shugaba Malum da mayaƙan firayim ministansa, Hisen Habre. Cikin 'yan kwanaki birnin ya rabu biyu. An yi taron sulhu a Kano cikin Maris, an yi wani a Legas cikin Agusta, duk da haka a 1980 faɗa ya sāke ɓarkewa har wata tara, mutum fiye da 100,000 suka haye kogi zuwa Kuseri. Ma'aikatan gwamnati 'yan kudu, da malamai, da ɗaliban sakandare da na jami'a, dubbai suka koma garuruwan iyayensu. Wani kwamiti a ƙarƙashin Kanar Kamuge ya riƙe kudu daga Mundu har 1982, amma ba shi da kuɗin biyan albashi yadda ya kamata. Ma'aikatar ilmi kuwa sai suna.

A nan ne iyaye suka shiga. Ga yara a gida ba karatu, ga kuma samari masu ilmi sun dawo ƙauye suna zaman banza. Ba a bukaci wani gwani daga waje ya haɗa waɗannan biyu ba. Dattawan gari suka taru a gindin itace, aka zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, aka yanka wa kowane uba abin da zai kawo. Da ma akwai ƙungiyoyin iyayen yara a wasu makarantu tun kafin yaƙi, amma aikinsu bai wuce gyaran rufi da sayen alli ba. Yanzu sai suka zama su ne ma'aikatar ilmi. Inda akwai makarantar gwamnati, suka riƙa ciyar da malamin da albashinsa ya yanke domin kada ya gudu, suka ɗauko masa mataimaka daga cikin samarin gari. Inda babu makaranta sam, suka kafa tasu. Jami'an ilmi suka laƙaba wa irin waɗannan suna da Faransanci mai ma'anar makarantun da suka tsiro da kansu, kamar dai ciyawa ce bayan ruwan fari. Sunan bai yi adalci ba, gama babu wadda ta tsiro sai da wani ya sara itace, wani ya ɗebi hatsi daga rumbunsa.

Ya kamata mai karatu ya san kamannin irin wannan makaranta. Rumfa ce ta kara da zana, wadda ake kafawa ta hanyar gayya. Tun da yake ba a samun kara da ciyawa sai bayan girbi, karatu yakan makara, yakan kai Nuwamba ko Disamba ba a fara ba, ko da yake a takarda Oktoba aka ce. Da hadarin farko ya taso kuwa, iska ta kwashe rumfar, yara su koma gona. Shekarar da aka rubuta wata tara sai ta zama biyar ko shida. Yara suna zama a kan tubali ko gungumen itace, kowa da ɗan allonsa a cinya. Littafi sau da yawa guda ɗaya ne, yana hannun malam, shi ne zai kwafe darasi a babban allo. Darasin kuma da Faransanci ne, ga yaron da a gida ba ya jin kome sai Ngambai ko Sar ko Mundang.

Biyan malam ya bi ƙarfin gari. Wani wuri kuɗi ne, 'yan ɗaruruwan sefa a kan kowane yaro. Wani wuri hatsi ne, a auna da koro, wato kwanon awo irin mudu ko tiya. Wani wuri kuma a yanka wa malam gona, iyaye da manyan yara su nome masa ita. Garuruwan auduga sun fi samun sauƙi. Bayan da aka soma barin ƙungiyoyin ƙauye su auna audugarsu da kansu kafin motar kamfanin Kotonchad ta zo, kamfanin yakan mayar wa ƙungiya wani ɗan kaso a kan kowane tan. Wannan kuɗi na gari ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, da shi aka haƙa rijiyoyi, aka sayi kwanon rufi, aka biya malamai. Saboda haka shekarar da auduga ta yi kyau makaranta ta yi kyau, shekarar da farashi ya faɗi ko kamfani ya yi jinkirin biya, malam ya sha wuya tare da manomi. 'Yan gari da ke aiki a birni su ma sukan aiko da nasu, buhun siminti ko katan na alli.

Habre ya kama Njamena a Yuni 1982, gwamnati ta komo, amma ba ta sauke wa iyaye kaya ba. Shekara da shekaru ma'aikata rabin albashi suke karɓa, ana kuma yankar wani abu a ciki domin yaƙi da Libiya. Kudu ta ga kashe-kashe a 1984, ga fari a shekarar nan. Da Idris Debi ya hau a Disamba 1990, baitulmali ba kome, masu ba da bashi na waje kuma sun ƙayyade yawan ma'aikatan da za a ɗauka. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin littafi da alli ya tashi. Yara kuwa ba su daina ƙaruwa ba: ƙidayar 1993 ta sami mutum miliyan 6 da ɗoriya, ta 2009 ta sami miliyan 11.

Burin kowane gari shi ne gwamnati ta karɓi makarantarsa. Sukan aika wakilai wurin sufeton makarantu, su yi ta zarya, har a sa sunan makarantar cikin littafin gwamnati. Ranar da takarda ta fito ana murna ƙwarai. Amma abin da yakan biyo baya shi ne a turo malami guda ɗaya mai albashi, ya zama darakta, sauran azuzuwa biyar kuwa suna nan a wuyan iyaye kamar dā. Ta haka aka wayi gari makaranta ta gwamnati ce a suna, masu koyarwa a cikinta kuwa ma'aikatan ƙungiyar iyaye ne. Kafin shekarun 2000 su yi nisa, waɗannan malaman al'umma sun fi rabin dukan malaman firamare na ƙasar. Tsarin mulkin 1996 ya ce ilmin gwamnati kyauta ne, dokar ilmi ta 2006 ta maimaita, ta ƙara da cewa tilas ne daga shekara 6 zuwa 16. Manomin da aka koro ɗansa saboda koro biyu na dawa bai ga wannan kyauta ba.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Malaman gwamnati masu horo sun fi taruwa a Njamena da manyan garuruwa, inda iyaye ke da ɗan hali. Ƙauyen da ya fi kowa talauci shi ne ya fi kowa biya, shi ne kuma ya sami malamin da ya fi ƙarancin horo. Idan kuɗi ya gaza a gida, 'ya mace ake fara cirewa. Ƙungiyoyin ma ba duka ne tsarkaka ba. An sha samun ma'ajin da kuɗi ya narke a hannunsa, rijiya ta bayar guga ya hana, malam ya yi wata uku ko huɗu yana jira, daga bisani ya ɗauki fartanyarsa ya bar yara. An kuma sami garuruwan da suka ɗauki ɗan mai gari ko ƙanen shugaban ƙungiya, alhali akwai wanda ya fi shi sani. Duk da haka, wanda zai zargi waɗannan iyaye sai ya fara nuna abin da yaran za su samu in ba su ba. Da babu gara ba daɗi. Akwai ma'aikata da likitoci da masu shari'a a Chadi waɗanda baƙaƙen farko a ƙarƙashin rumfar zana suka koye su.

Su wane ne waɗannan malamai? Yawancinsu samari ne da karatu ya tsaya musu a tsakiyar sakandare, wasu sun ci jarrabawar aji huɗu, wasu ba su kai ba. Gari ya san iyayensu, yana jin harshensu, ba sa neman canjin wurin aiki kamar baƙon da aka turo daga birni. Ba wanda ya koya musu koyarwa, sai abin da suka tuna daga nasu malaman, har da bulala. Da yawa sun karɓi aikin ne da begen wata rana gwamnati za ta ɗauke su. Ashe kuwa ƙauyukan nan, ba tare da sun shirya ba, su ne suka zama makarantar horon malamai mafi girma a ƙasar.

A farkon shekarun 2000 gwamnati ta amsa cewa ba za ta iya ba tare da su ba. Lokacin ne aka gama shimfiɗa bututun mai daga Doba zuwa Kiribi a bakin tekun Kamaru, mai ya soma fita a 2003, aka sa rai da abubuwa da yawa. Da taimakon Bankin Duniya aka kafa wata hukuma, APICED, domin ta riƙa ba malaman al'umma tallafi a kan abin da iyaye ke biya. Ƙungiyoyin iyaye, waɗanda suka riga suka haɗa kansu cikin tarayya ta ƙasa mai suna FENAPET, suka zama abokan shawarar ma'aikata. Aka kasa malaman mataki uku. Wanda bai sami horo ba yana matakin sifiri. Wanda ya je makarantar horon malamai a lokacin dogon hutu ya ci jarrabawa ya hau mataki na ɗaya, in ya koma ya ƙara ya hau na biyu. Mutumin da ya yi shekara goma yana koyarwa ba takarda ya sami takarda, ya kuma sami ɗan abin da ya fi koro tabbas, ko da yake bai kusaci albashin malamin gwamnati ba.

Amma tallafin ya dogara ga mai, kamar yadda na dā ya dogara ga auduga. Farashin mai ya faɗi a 2014, kuɗin ya riƙa yankewa har ya tsaya. A 2016 gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, ta rage alawus na ma'aikata da rabi, malaman gwamnati suka shiga yajin aiki na watanni. Iyaye da yawa sun riga sun sassauta biya tun da aka ce gwamnati ta karɓa, sāke tara su kuwa bai zo da sauƙi ba. Makarantun ƙauye masu yawa suka rufe. A cikin wannan hali kuma ga matasa da suka gama makarantun horon malamai da cikakkiyar takarda, suna zaune shekaru suna jiran a ɗauke su aiki, wasunsu har suka koma ƙauye suka karɓi abin da ƙungiyar iyaye za ta iya ba su.

Daga baya aka komo da biyan tallafin da kuɗin masu taimako na waje, aka riƙa aika shi ta wayar hannu domin kada ya bi ta hannuwa da yawa. Mafi yawansa ya bi waɗanda suka sami horo, na mataki na ɗaya da na biyu. Na matakin sifiri, waɗanda suka fi yawa a ƙauyukan nesa, aka bar su inda suke tun 1979, wato a hannun shugaba da magatakarda da ma'aji, da koron da za a auna musu bayan girbi.