Rajistar Windows da masu izinin gyara ta

Rajista ita ce ma'ajiyar da manhajar Windows ta kamfanin Microsoft ke adana bayanan yadda kwamfuta za ta yi aiki, kama daga na'urorin da aka haɗa mata har zuwa shirye-shiryen da ke tashi da zarar an kunna ta.

An fara amfani da ita ne a Windows 3.1 cikin 1992, kuma daga Windows 95 ta maye gurbin akasarin ƙananan fayilolin INI.

Da wani shiri mai suna Regedit ake shiga cikinta. Haɗarinsa shi ne ba ya da maɓallin janye kuskure. Duk abin da aka sauya ko aka goge ya zauna ke nan. Shi ya sa Microsoft ke gargaɗin cewa gyara ba bisa ƙa'ida ba na iya kaiwa ga sake ɗora Windows baki ɗaya, kuma yake shawartar a fara ajiye kwafin sashen da za a taɓa.

Izini kuwa hawa-hawa ne.

Kowane mai amfani da kwamfuta na iya sauya akasarin abin da ke sashensa, wato HKEY_CURRENT_USER. Amma sashen HKEY_LOCAL_MACHINE, wanda ya shafi kowa, sai mai matsayin shugaban kwamfutar.

A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, mutane da dama da wannan matsayi suke aikinsu na yau da kullum, abin da ya bai wa mugayen shirye-shirye damar rubuta kansu a rajista ba tare da mai ita ya sani ba. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a watan Janairun 2007, sai an nemi amincewarsa tukuna.

Shi ma shugaban yana da iyaka. Wasu sassan mallakar wani asusun Windows ne mai suna TrustedInstaller, kuma sai ya mayar da mallakarsu hannunsa kafin ya gyara su, matakin da bai dace a ɗauka ba sai da kwakkwaran dalili.

A watan Yulin 2021 an gano wani kuskure a wasu nau'o'in Windows 10 da ya bar fayil ɗin SAM, inda ake adana kalmomin sirri a ɓoye, a buɗe ga masu ƙaramin izini. Microsoft ya toshe kafar daga baya.