Daga Vogel Zuwa Manhaja: Me Ya Sa Madubi Ke Kuskure Tauraro?

Wani dare a Garwa, wani malamin makaranta ya gayyace ni kallon taurari tare da ɗalibansa. Ya jona madubin hangen nesa da kwamfuta, ya zaɓi wata a manhajar Stellarium. Madubin ya juya, ya tsaya yana kallon duhu, ga wata can gefe kowa na ganinsa da ido. Yara suka fashe da dariya, har wasu suka fara haramar tafiya gida.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A ranar 18 ga Yuni 1851, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai a mahaɗarsa da kogin Faro, yamma da Garwa, kan hanyarsa ta zuwa Yola. Da kamfas da agogo yake lissafin tafiyarsa, ba da awon taurari ba, don haka taswirarsa na buƙatar mai tantancewa. A 1853 Ingila ta turo Eduard Vogel, matashin Bajamushe masanin taurari. Ya isa Kukawa a farkon 1854, ya shiga ƙasar Musgu da Mandara, aka tsare shi a Mora, daga baya aka kashe shi a Wadai a 1856.

Aikin Vogel amsa tambayoyi biyu ne: ina nake, kuma ƙarfe nawa? Duniya na juya digiri 15 a awa guda. Idan agogo ya kauce da minti huɗu, gari ya gusa da digiri ɗaya a taswira, wato kusan kilomita 110 a yankinmu.

Vogel ya san sama, yana neman matsayinsa a ƙasa. Manhaja kuwa sai an faɗa mata ƙasa kafin ta nemo sama. Lissafin ɗaya ne, an dai juya shi. Garwa na kusan digiri 9.3 arewa, 13.4 gabas, kuma agogon Kamaru na gaban na Greenwich da awa ɗaya. Wanda ya manta awar nan ya kauce da digiri 15. Malaminmu kuwa yamma ya sa a madadin gabas, kuskuren kusan digiri 27, faɗin wata fiye da hamsin.

Akwai kuma wahalar da ta keɓanta da mu. Ana saita gindin madubi da tauraron arewa, amma a Garwa digiri tara kawai yake bisa ƙasa, ƙurar hunturu da bishiyoyi kan rufe shi. Mafita ita ce a daidaita gindin, a nemi arewa da kamfas, sannan a nuna wa na'urar taurari biyu ko uku masu haske da ke nesa da juna.

Malam ya gyara harafi ɗaya, madubin ya sake juyawa. Waɗanda suka kai bakin ƙofa suka dawo, suka yi layi don ganin ramukan wata.